Kibiyar da Ba Ta Cikin Zane

A Recife, bakin kogin Capibaribe,
inda ruwan Yuni ke zuba ba sallama,
asibiti ya ɗauke ni aikin wata uku.
Darakta ya shimfiɗa mini zane a kan tebur:
akwatuna goma sha ɗaya, kibiyoyi ashirin,
kowace miƙe sambal, ba tuntuɓe, ba kwana.
Ya ce, "Jussara, ga hanyar bayani a gidan nan.
Likita ya rubuta, kwamfuta ta haɗiye,
ɗakin magani ya gani, mara lafiya ya sha.
Amma wani wuri yana yoyo. Nemo mana shi."

Na ce to. Gani ya kori ji.
Na naɗe zanen, na bi sawun magani guda,
na gado na sha huɗu, tsoho Valdemar mai ciwon sukari.

Bakwai da minti goma likita ta danna maɓalli.
Bakwai da rabi ɗakin magani bai ji komai ba.
Ashe kwamfutar sama da suna take kiran mutum,
ta ƙasa kuwa lamba kawai ta sani,
shekara tara suna gida ɗaya
ba su taɓa gaisawa ba.
Kuma Valdemar biyu ne a hawa na uku,
ɗaya sukari, ɗaya zuciya.

To wa ke haɗa su?

Na same ta a ƙarshen baranda, kusa da tukunyar gahawa,
Dona Zuleide, tabarau rataye da zare,
da wani koren littafi da gumi ya cinye bangonsa.
Ita ke buga takarda, ta duba, ta ja layi da jan biro,
ta rubuta a gefe: mai gemu, ba mai sanƙo ba.
Ta miƙa wa Edivaldo mai tura gado,
ya cusa a aljihu, ya gangara matakala hamsin da shida
don lif ya mutu tun kafin bikin Ista.

Kibiyar da darakta ya zana da rula
ashe tana da gwiwa mai ciwo,
tana tari, tana zuwa hutun rabin rana.

Na tambaye ta, "Wa ya ɗora miki wannan aiki?"
Ta ce, "Ba kowa. Wata rana ce aka kusa rasa yaro."
Ba ta ƙara ba. Ta juya shafi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma a nan mai ɗakin bai sani ba,
wadda ke tara ruwan a kwano ce ta sani,
kuma Satumba za ta yi ritaya.

Na koma na sake zane.
Nawa ya fito a karkace, da matakala a ciki,
da aljihu, da jan biro, da sunanta a tsakiya.
Darakta ya ce, "Ba a sa sunan mutum a tsari."
Na ce, "Shi ya sa ba ku ga inda tsarin yake ba."
Ya yi shiru, ya kalli taga.

Yanzu kullum da la'asar ina zaune gefenta.
Tana karanta koren littafin, ina mayar da shi ƙa'idoji:
idan suna ya zo biyu, a tsaya, a tambaya;
idan awo ya ninka na jiya, a kira likita.
Mun kai ɗari da bakwai.

Jiya ta tsaya a wani shafi, ta daɗe.
Na ce, "Wannan fa, mece ce ƙa'idarsa?"
Ta ce, "Babu. Fuskarsa ce ban yarda da ita ba."
Na bar layin fili.
Ruwa na ta dukan kwano,
Edivaldo ya wuce da takarda a aljihu.